Yadda ake jan tirela da a-kori-kura, mai giyar otomatik da mai manuwal

Tirelar da nake magana a kai ba irin babbar nan ta siminti ko ta man fetur ba ce, ƙaramar da ake maƙalawa a bayan a-kori-kura nake nufi. A Amurka da Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu suna yawan jan wadda aka yi ta kamar ɗaki, da gado da kicin da banɗaki a ciki, mutum ya ɗauki iyalinsa su tafi hutu su kwana duk inda dare ya yi musu. Mu nan ba kasafai ake ganin irin ta ba, amma muna jan tankin ruwa, muna jan babban janareto mai taya, masu dawaki suna jan akwatin doki, manoma suna jan ƙaramar tirelar taki da hatsi, kuma duk ƙa'idar ɗaya ce. Sannan yawancin Tacoma da Tundra da F-150 'yan Beljiyam da ake shigo mana dasu zaka ga wani rami mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin bamba ta baya, toh wannan ramin na jan tirela ne, can ma abin da suke yi dasu kenan.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce wacce ta fi, otomatik ko manuwal. Za mu zo wajen, amma ba daga nan ake farawa ba.

Mataki na farko lissafin nauyi ne, kuma dan Allah kar ka tsallake shi don shi ne wanda mutane ke gudu. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai wata takarda da aka manna, ita ke gaya maka iyakar nauyin da motar zata ɗauka da kanta, ita da mutane da kaya, a motocin Amurka zaka ga an rubuta GVWR. Sai ka buɗe littafin motar ka nemo iyakar abin da zata iya ja, da kuma iyakar nauyin mota da tirela in an haɗa su gaba ɗaya, wato GCWR. In littafin ya ɓace, wanda shi ne yawanci, ka sa sunan motar da shekararta da girman injinta a intanet zaka samu. Abin lura shi ne lambobi biyu zaka gani wajen ja, ɗaya ta tirela mai birkin kanta ɗaya ta wadda bata da birki, kuma tazarar dake tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Hilux da ake cewa tana jan kilo 3,500 wannan in tirelar tana da birki ne kuma motar mai dizal ce mai inji lita 2.8, in babu birki a tirelar kilo 750 ne kawai. Mai fetur 2.7 da ta fi yawa a wajenmu bata kai wancan 3,500 ɗin ba, don haka kar ka ɗauki lambar motar wani ka ɗora wa taka.

Sai nauyin da hancin tirela ke dannawa a kan bayan mota. Ana so ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta. Tirela mai kilo 2,000 kenan zata danna maka kilo 200 zuwa 300 a bayan mota, kuma wannan nauyin cikin lodin motar ake lissafa shi ba a gefe ba. Misali takardar ta ce motarka tana ɗaukar kilo 900, ku biyar ne a ciki kowa kilo 75, an ci 375, hancin tirela ya ci 250, saura 275 kacal na kayan bodi, kaga buhun masara uku ma sun wuce. Nan ne mutane ke yin obalodi basu sani ba, suna ganin ai tirelar bata kai abin da aka ce motar zata ja ba. In tankin ruwa ne lissafin mai sauƙi ne, lita ɗaya kilo ɗaya, lita 1,000 tan guda kenan banda ƙarfen tirelar. In kana kusa da inda ake auna manyan motoci ka biya kuɗi kaɗan a auna maka sau ɗaya ka huta da zato.

Yanzu maganar giya. Kowacce akwai inda take mutuwa, kuma in ka san wurin kusan ka gama.

Otomatik zafi ke kashe ta. Tsakanin inji da giyabos ɗinta babu irin farantin kulochin manuwal, wani gwangwani ne cike da mai, da farfela biyu a ciki, ta inji tana watsa mai ta giya tana karɓa. Amfaninsa shi ne lokacin tashi daga tsaye yana ninka ƙarfin juyin inji kusan sau biyu, babu abin da ke gogewa, shi yasa otomatik ke ɗaga tirela mai nauyi a kan hawa ba tare da wani kuka ba. Illarsa duk wannan sulɓin da man ke yi zafi yake zama. Man giya yana son ya zauna wajen digiri 80 zuwa 95, in ya fara haura 120 yana daɗewa a can to man ya fara lalacewa, daga nan sai fayafayan ciki su biyo baya. Ka haɗa wannan da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri inda iskar kanta ta haura 40, ga AC a kunne, ga tan biyu a baya.

Manuwal ita kuma a kulochi take mutuwa, kuma a wuri uku: tashi daga tsaye, gosulo, da ribas. Da zarar ka saki kulochi gaba ɗaya mota ta kama hanya shikenan babu sulɓi babu zafi, zata yi ta tafiya har gobe. Amma waɗancan daƙiƙun da ƙafarka take rabi-rabi, faranti yana goga da nauyin mota da na tirela duka a kansa, su ne ke cin kuɗinka.

Kamfanonin ma basu tsaya a magana ɗaya ba. Hilux 2.8 da ta fito a 2015, a Ostireliya mai manuwal aka ba kilo 3,500, mai otomatik 3,200, sai a 2020 aka ɗaga otomatik ɗin ta kamo. A Amurka kuwa abin juyewa ya yi, Jeep Gladiator ta 2020 mai manuwal fam 4,000 aka yarje mata, wajen kilo 1,800, amma mai otomatik da aka haɗa wa kayan ja har fam 7,650, kusan ninki biyu. Manyan a-kori-kurar Amurka ma sun bar manuwal gaba ɗaya, Ford ta daina sa ta a F-150 bayan 2008, Ram mai injin Cummins ta riƙe har 2018 ita ma ta saki. Ni a ganina in tirelar tana da nauyi, kuma zaka riƙa shiga gari da ita kana ribas a lunguna, otomatik mai kular sanyaya man giya ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. In kuma aikinka a daji ne da ƙauyuka inda bakaniken da ya iya buɗe giyabos ɗin otomatik sai an yi tafiyar yini, manuwal ta fi rufin asiri, don kulochi kowane gareji ana canza shi, kuma ko batir ya mutu an tura ta tashi.

Mataki na biyu shirya motar. In otomatik ce fara da man giya. Wadda ke da sandar gwaji ka dumama mota, ka zaro ka ɗiga a farar takarda ka duba a rana. Lafiyayyen mai ja ne garau kamar zoɓon da aka tsinka, in ka ga ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ka shinshina ka ji ƙauri, ko ka murza da yatsa ka ji tsaki-tsaki, to kar ka ja komai sai an duba. Sababbin motoci da yawa basu da sandar, sai an ɗaga mota an buɗe noti a ƙasa a wani zafi na musamman, wannan aikin wanda ya sani ne. Kuma ka sa irin man da aka rubuta, in Toyota ta ce WS to WS ɗin, kar a zuba maka jan mai na galan a ce ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. Sannan ka leƙa gaban lagireto ka ga ko akwai wani ƙaramin lagireto daban mai bututu biyu da ke tafiya giyabos, shi ne kular man giya. In babu ka sa a ɗaura maka, kuɗinsa bai kai komai ba in ka kwatanta da giyabos, kuma a haɗa shi ta yadda man zai fara bi ta cikin lagireto sannan ya shiga kular kafin ya koma.

In manuwal ce gwada kulochi. Ka hau titi ka sa giya huɗu a gudu kaɗan ka taka totur sosai, in allurar inji ta yi sama amma gudun motar bai ƙaru ba to kulochin ya riga ya fara sulɓi, tirela zata ƙarasa shi a hawan farko.

Dukansu biyu kuma a duba birki gaba da baya, da man birki in ya daɗe a canza don tsohon mai yana shan ruwa kuma shi ke tafasa a gangara. Sai maganar tamostat da makanikanmu ke cirewa su yar su ce ta ƙasar sanyi ce, a kuma cika lagireto da ruwan rijiya. Ka mayar da ita, ka sa ruwan kulant na gaskiya. Tayoyin baya a ƙara musu iska zuwa adadin lodi da ke jikin waccan takardar ta ƙofa, tun da safe kafin taya ta yi zafi.

Mataki na uku maƙalar kanta. Dole a jikin shasi take da manyan notuka, ba a bamba ba, kuma ba ƙugiyar da mai walda ya lanƙwasa rodi ya liƙa maka ba, araha bata ado a nan. Ƙwallon da bakin tirela ke hawa kuma girma-girma ne. Na Turai da Ostireliya milimita 50 ne, na Amurka akwai inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci 2 milimita 50.8 ne, da ido ba zaka bambance shi da 50 ba, ga shi mu kayanmu daga ko'ina suke zuwa, mota daga Amurka tirela daga Jamus. Girman a rubuce yake a saman ƙwallon da kuma jikin bakin tirelar, ka goge datti ka karanta. Bakin da ya fi ƙwallo girma zai zauna lafiya lau a gida, sai ka faɗa rami ya tsalle ya fita.

Wajen lodi, kusan kashi 60 na nauyi ya kasance gaban tayoyin tirela, masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, a ɗaure tamau. Kar ka tara nauyi a can ƙarshen baya don wai ka sauƙaƙa wa mota, wannan shi ne babban abin da ke sa tirela rawa a hanya. Tankin ruwa ko dai a cike ko babu komai, rabin tanki duk birkin da ka taka sai ruwan ya zo ya tura ka.

Haɗawa kuwa a jere ake yi kuma kullum jeri ɗaya. A sa weji a tayoyin tirela, a ɗaga hancinta da jak ɗinta ya fi ƙwallon tsayi, ka yi ribas a hankali wani yana nuna maka, a sauke baki a kan ƙwallo, a kulle, a zura fil. Sannan ka sake juya jak ɗin sama kaɗan, in bayan motar ya ɗago tare da shi to ta kama, in bakin ya zare shi kaɗai ka gode wa Allah da ka gani a gida. Sarƙoƙi biyu a gicciya su a ƙarƙashin hancin, ta dama ta tafi hagu ta hagu ta tafi dama, don in ya fita su tare shi kar ya caki kwalta, a bar musu sakin da zai isa kwana amma kar su ja ƙasa. In akwai siririyar wayar birkin gaggawa a maƙala ta a jikin motar daban, ba a jikin sarƙa ba. A sa filogin wuta a gwada birki da sigina da fitilar dare, in filogin bai dace da na mota ba rewaya zai haɗa maka. A naɗe jak, a cire weji. Sai ka ja da baya ka kalli mota da tirela daga gefe, ana so su miƙe daidai, in bayan motar ya zauna gabanta ya ɗaga sama to sitiyari zai yi sakwa-sakwa kuma fitilunka zasu riƙa haska saman bishiya, a rage nauyin hanci ko a nemi irin maƙalar nan mai sanduna biyu da ke mayar da wani nauyin zuwa tayoyin gaba. Madubi kuma in baka hango gefen tirelar har ƙarshe a ƙara masu tsawo.

In tirelar mai birkin lantarki ce akwai wata 'yar na'ura kusa da sitiyari mai ƙaramin hannu. Ka samu fili ka yi gudun kilomita 40, ka matsa hannun shi kaɗai ba tare da taka birkin mota ba, in tayoyin tirela suka kulle suna jan ƙasa ka rage, in baka ji komai ba ka ƙara, har ka samu inda take riƙe ka sosai amma bata kulle ba. Duk sanda nauyin kaya ya canza sai an sake wannan.

Toh yanzu tashi. Mai otomatik, in motarka tana da maɓallin Tow/Haul ka danna shi duk lokacin da ka tada mota don yawanci yana kashe kansa. Shi ke sa giya ta daɗe kafin ta canza sama, ta kuma sauko da wuri in kana birki. In babu shi, tsofaffi masu giya huɗu suna da O/D OFF a jikin sandar giya, sababbin Toyota kuma ka tura sanda gefe zuwa S ka tsayar da ita a 4. Ka saki birki ka taka totur a hankali ka bar ta ta ɗauka. Abin da zaka riƙa saurara a hanya shi ne farautar giya, wato ta hau biyar ta sauko huɗu ta sake hawa ta sake saukowa duk cikin minti ɗaya, kowane canji zafi ne, da ka ji haka ka kulle ta a ta ƙasan ka bar inji ya yi ƙara, ƙarar bata cutar da shi. Mai zai ɗan ƙaru, eh, amma dama wanda ke jan tirela ya manta da tsimin mai.

Mai manuwal, giya ɗaya kullum, ko da ka saba tashi da biyu in motar ba kaya. Ka ɗan ɗaga inji kaɗan, a dizal wajen 1,200 zuwa 1,500 ya isa, ka kawo kulochi inda yake kamawa, da motar ta motsa ka ƙarasa sakinsa ka ɗauke ƙafarka gaba ɗaya ka ajiye a ƙasa, sannan ka ba ta wuta. Kuskuren da ake yi shi ne a kai inji 3,000 ana riƙe da kulochi rabi wai don kar ta mutu, wallahi gara ta mutu sau biyu ka sake tadawa da ka yi haka sau ɗaya. A kan hawa hambirki zaka ja, ka kawo kulochi har ka ji bayan motar ya ɗan zauna, ka sauke hambirki tana tafiya. Kar ka taɓa riƙe mota a kan hawa da kulochi, kai ma mai otomatik kar ka riƙe ta da totur, birki aka yi don wannan. A gosulo ka bar tazara ta taru a gabanka sannan ka tafi a giya ɗaya kulochi a sake, masu hon su yi ta yi. Kuma kowace giya ka ja ta ta ɗan daɗe fiye da yadda ka saba kafin ka canza, don a ɗan lokacin da ka taka kulochi tirelar na jan ka baya, in ka canza da wuri sai ka faɗa giya ta gaba inji ba ƙarfi yana kakkarwa. A yawancin waɗannan giyabos ɗin giya huɗu ita ce ke tafiya kai tsaye da inji kuma ita ta fi jure wahala, biyar da shida na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne in babu iska a gaba.

Gudu kar ya wuce 80 zuwa 90 ko da titin ya yi kyau, tayoyin tirela da yawa ma ba a yi su don wuce wajen 105 ba. Tazara tsakaninka da na gaba ka ninka wadda ka saba. Kwana ka buɗe ta, ka shiga gaba kaɗan kafin ka karya sitiyari don tayar tirela tana yanke kwana ta ciki, ita ke hawa kan kwalbati ko ta taka mai talla. Bayan kilomita 15 ko 20 na farko ka tsaya ka zagaya, ka duba ƙwallo da sarƙa da igiyoyi da notukan taya, ka kai bayan hannunka kusa da cibiyar kowace tayar tirela, ɗumi ba komai, amma in ɗaya ta fi sauran zafi sosai to boris ne ke neman giris ko birki ne ya kama.

Hawa mai tsawo irin Hawan Kibo in za a shiga Jos, ko hawan Mambila, tun daga ƙasa ake shirya masa. Mai manuwal ka sauko giya kafin motar ta gaji, ba sai ta fara shaƙewa a tsakiya ba, don canji daga uku zuwa biyu a tsakiyar hawa da tan biyu a baya in ka yi jinkiri kaɗan tsayawa zaka yi cak. Mai otomatik ka zaɓi 3 ko 2 da hannunka, inji na juyawa da sauri famfon ruwa da na mai suna aiki sosai, ya fi ka bar ta a babbar giya tana nishi. Ka kashe AC. Mai fetur mara tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya sani ƙarfin inji na raguwa wajen kashi 3 cikin ɗari a duk mita 300 na tudu, Jos kuwa ta kai mita 1,200, don haka in ka ji ta yi sanyi ba lalacewa ta yi ba. In fitilar A/T OIL TEMP ta kama, ka samu gefe ka tsaya, ka sa P, ka bar injin yana aiki har fitilar ta mutu da kanta, in ka kashe mota man ya daina zagayawa ta kula kenan. In allurar zafin inji ce ta hau ka tsaya haka nan, kuma kar wanda ya taɓa murfin lagireto sai ya huce.

Gangara ta fi hawa haɗari. Giyar da ka hau da ita da ita zaka sauka, kuma tun a saman ake sa ta kafin mota ta ɗauki gudu. Al'adar nan ta sa mota a firi a gangara don tsimin mai, da tirela a baya ganganci ne tsantsa. Birki kuma ba a ɗora ƙafa a bar ta a kai, ka taka da ƙarfi gudu ya ragu sosai, ka saki gaba ɗaya ya sha iska, in gudun ya dawo ka sake. In ka ji ƙauri ko feda ta fara yin laushi tana nutsewa ka tsaya a wuri na farko da ka samu ka jira, kar a watsa ruwa a kan faifan birki mai zafi don lanƙwashewa yake. A nan manuwal ta ɗan fi, don giyar da ka sa ita ce, amma otomatik ma in ka kulle ta a 2 ko L tana riƙewa. Dizal dai ka sani baya riƙe mota da inji kamar fetur sai in yana da birkin salansa, don haka ka ƙara saukowa giya ɗaya.

In tirela ta fara rawa, ko don babbar mota ta wuce ka da iska ko don ka kauce wa rami, jikinka zai ce ka taka birki ka juya sitiyari, duka biyun kar ka yi. Riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, ɗauke ƙafa daga totur a hankali, in kana da na'urar birkin tirela ka matsa hannunta ita kaɗai, tirelar zata ja baya ta miƙe. Kar ka ƙara wuta wai zata miƙe, gudun ne ya kawo rawar. In ta lafa ka tsaya ka matsar da kaya gaba.

Ribas shi ne inda ake jin kunya a gaban jama'a, don haka ka je filin ƙwallo ko filin idi ranar da ba kowa ka koya. Sa hannunka a ƙasan sitiyari, inda ka kai hannun nan bayan tirela zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake juyawa, kuma gajeriyar tirela ta fi doguwa saurin karyewa. Da ka ga ta fara naɗewa ka tsaya ka yi gaba ka miƙe ka sake, kar ka yi gardama da ita har ta daki bodi. Mai nuna maka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, in ya ɓace ka tsaya, kuma mutum ɗaya ne zai yi magana ba duk 'yan kallo ba. Wasu tirelolin masu birkin turawa, wato wanda ke kamawa da kansa in tirela ta danno motar, sai an sa wani fil ko an ɗaga wani ƙarfe kafin su yarda su yi baya, in ka ji tana turjewa ka sauka ka duba.

Mai otomatik a nan hutu yake, ƙafa a kan birki kawai motar na rarrafawa. Mai manuwal kuwa giyar ribas ta yi sauri da yawa ga wannan aikin, dole ya riƙa taka kulochi rabi, minti biyu uku sai ka ji wani ƙauri mai kama maƙogwaro ya shigo ta taga, wannan farantin ne ke ƙonewa, ka tsaya ka sa firi ka bar shi ya huce kafin ka ci gaba. Maganinsa in motar mai ogzilari ce, wato mai ja da tayoyi huɗu, ka sa ta a 4L, sai ta riƙa tafiya a hankali kulochi a sake gaba ɗaya ba ka ko taɓa totur. Amma a kan ƙasa ko yashi ko tsakuwa ake wannan, a busasshiyar kwalta in kana karya sitiyari a 4L ƙarafunan ƙasa ɗaurewa suke. Sai dai masu irin Land Cruiser ɗin nan da ake kulle cibiyar tayar gaba da hannu, su in suka bar ta a buɗe suna iya sa 4L ko a kan kwalta, don tayoyin baya ne kawai ke ja.

Wajen fakin, musamman in wurin ya ɗan gangara, ka riƙe birki da ƙafa, yaron mota ya sa weji a tayoyin tirela, ka saki birki a hankali nauyin ya zauna a kan weji, ka ja hambirki, sannan a ƙarshe ka sa P. In ka fara sa P nauyin duka zai hau kan wani ɗan ƙaramin haƙori a cikin giyabos, gobe ka zo fitar da giya ta ƙi, in ta fita ta fita da ƙara gau. Mai manuwal bayan weji da hambirki ya bar ta a giya ɗaya in hancinta na kallon sama, ribas in tana kallon ƙasa. Dizal mai tabo a bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin a kashe in daga doguwar tafiya aka fito. Kwancewa kuma weji ne farko, sai filogi da wayar birki, a buɗe kulle a ɗaga jak har baki ya rabu da ƙwallo, sarƙoƙi su ne na ƙarshe don in ta motsa su riƙe ta. Motar da ke jan tirela a kai a kai kuma jadawalin sabis ɗinta daban ne, a littafin akwai shafin aiki mai tsanani, shi zaka bi wajen baƙin mai da man giya da man difiransha, ba na yau da kullum ba.